Duwatsu Biyu na Surukina

Allah ya karɓi abinsa ranar Laraba da hantsi, mu da muka rage kuma kowa na jiran nasa kiran. Surukina, mahaifin maigidana, wanda duk Jibiya ta sani da Baba Mai Duwatsu, ya cika a ɗakinsa yana kishingiɗe, carbi a hannu, furar da na dama masa ko rabi bai sha ba. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin nasa ba. Muna cikin gida muna jiyo maza a waje, tsofaffin direbobi da 'yan kasuwar hatsi, har da waɗanda suka ƙetaro daga Maraɗi. Wani ya ce ai tsohon ya cika shekara ɗari cif. Sai na ji wani tsohon direba ya daka masa tsawa.

"Kai, rufa mana baki! Da shina raye da ya tashe ka daga tabarmar ga. Bai gaza casa'in da ɗaya ba, bai wuce casa'in da shidda ba. Haka ya hwaɗa da bakinshi."

Aka kwashe da dariya a wurin makoki. Dariyar ba ta kai ƙarshe ba ta juye kuka, kuma shi direban ne ya fara.

A cikin gida wata mai daddawa daga Farfaru ta ce, "Bawan Allah, bai taɓa ba ka lamba guda ba, kuma bai taɓa ɓad da kai ba." Mata suka amsa da ƙwarai kuwa. Ni ban amsa ba. Na san sau ɗaya duwatsunsa sun ɓad da mutane, na kuma san wadda ta jawo.

'Yata ta fari, wadda ke koyar da ilimin kwamfuta a jami'a, ta iso washegari. Tana zaune kusa da ni tana share hawaye ta ce, "Mama, kin san abin da Kaka yake yi da duwatsun nan shi nake koya wa ɗalibai? Akwai wani irin rubutu da ake yi wa kwamfuta, ba ka gaya mata amsa. Sharuɗɗa kawai kake ba ta. Ka ce adadin nan da muke nema ya fi kaza, bai kai kaza ba, in an haɗa shi da wancan ba su wuce kaza ba. Sai ka tambaye ta, mene ne mafi ƙanƙantar abin da zai iya zama, mene ne mafi girma? Duk sharaɗin da ka ƙara, sai iyakokin biyu su matso kusa da juna. In kuwa iyakar ƙasa ta haye ta sama, sai ta ce babu amsa, cikin abin da ka gaya mata akwai wanda ba gaskiya ba."

Na ce, "Na sani."

Ta ɗauka kara nake yi mata, irin ta uwa da ba ta gane aikin 'yarta ba. Ba kara ba ce. Na ga iyakar ƙasa ta haye ta sama da idona, a tsakar gidan da muke zaune, lokacin ita tana cikina wata biyar. Saboda ita nake wannan rubutu, da duk wanda ya zauna a tabarmar makokin nan ya yabi tsohon da rabin abin da ya cancanta.

Duwatsun biyu ne, baƙi da fari, kowanne bai fi ƙwan zabuwa ba. Kullum suna aljihunsa, sun huda riguna ba adadi, Inna surukata tana ɗinkewa tana mita. Yana saurayi ya yi fatauci da raƙuma zuwa arewa, ya san rijiyoyin hanyar ɗaya bayan ɗaya. Da ya zauna gida sai ya zama mai ƙiyasi a tasha da kasuwar hatsi. In aka kawo masa tambaya, buhu nawa rumbun nan zai bayar, kwana nawa garken nan zai yi kafin ya kai Katsina, sai ya tsuguna ya ja layi a ƙasa da yatsa. Baƙin dutse ya ajiye a hagu, abin ba zai gaza nan ba. Farin ya ajiye a dama, ba zai wuce nan ba. Daga nan sai tambayoyi har ka gaji, kuma duk amsar da ka bayar sai ya matsa dutse ɗaya. In suka daina matsuwa ya miƙe ya kaɗe hannu.

"Abinka shina tsakanin nan da nan," in ji shi. "Wanda ya ce maka ya san hiye da haka, daɗin baki yake maka."

Abin yana da ban haushi, ba zan ɓoye ba. Mutum ya zo da gaggawa yana son amsa ɗaya, a ba shi biyu. Ko Inna ba ta tsira ba. Ta ce, "Malam, yaushe za ka dawo cin tuwo?" Ya ce, "Ba kahin magariba ba, ba bayan isha'i ba." Ta ce, "To, shi ma tuwon ba ya gaza sanyi, ba ya wuce tauri." Na sha toshe baki a ɗakina don kada a ji amarya tana yi wa surukai dariya.

Ni malamar firamare ce a Daddara lokacin da aka kawo ni gidan. Tsakanina da Baba sai gaisuwa. In durƙusa daga nesa in ce ina kwana, ya amsa yana kallon wani gefe, shi ke nan. In yana son wani abu daga gare ni sai ya gaya wa Inna, ko da kuwa ina tsaye a wurin. Haka kunyar surukai take a gidanmu, kuma ban ga laifinta ba sai ranar da na fake da ita.

Wanda nake sakewa da shi ƙanen maigidana ne, Auta. Namiji ne cikakke, shekararsa ashirin da huɗu, an sa ranar aurensa bayan damina. Shi da yayansa suke tuƙa babbar motar gidan, koriya mai zanen dawisu a ƙofa, suna karɓeɓeniya. Ba ya kirana sai da matata. Ya buɗe mini tukunya ya tsame nama, in biyo shi da muciya, yana gudu yana cewa an kawo masa malama mai alli wadda ba ta iya dama fura ba. Ƙarya yake, na iya. Kofi biyu yake shanyewa.

Shekarun nan ne kuɗin fetur ya shigo ƙasar. Mai a wajenmu arha kamar banza, a ƙetaren iyaka kuwa tsada, ga fari ya cinye arewa. Duk mai mota a Jibiya ya san abin da ake samu in an tsallaka da mai a ɓoye. Baba ya tsani harkar. Wani abokinsa ya ƙone ƙurmus a motar fasa-ƙwauri, shi ya tattara abin da ya rage na gawar. Ranar da maigidana ya taɓo masa zancen, ina ɗaki na jiyo faɗan da ban taɓa jin irinsa daga bakin tsohon ba.

"Kowa shina yi, Baba."

"Kowa ba ɗana ba ne. Wallahi ran da ka ɗauki man sumoga cikin motar ga, ka nemi wani uba."

Maigidana ya ce to. Bayan wata biyu ya kai motar wurin wani mai walda aka liƙa mata tanki na biyu a ƙarƙashi, bayan akwatin kayan gyara. Ni na ɗinka tamfol ɗin da ya rufe shi, da keken ɗinkina, da hannun nan nawa. Ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, musamman Baba. Na rantse ina murmushi, ina tunanin gadon ƙarfe da ya ce zai saya mini.

Ranar Asabar, tsakiyar bazara, maigidana da Auta suka tashi da buhunan gero zuwa Dakoro, can arewa da Maraɗi. Litinin ya kamata su dawo. Litinin ta zo ta wuce. Talata da sassafe wani direba ya shigo zaure ya ce ya gan su sun sauke kaya ran Lahadi, amma ba su juyo kudu ba, arewa suka miƙa. Ni na san man da ke ɓoye suka tafi sayarwa. Gaba da Dakoro kuwa a shekarar nan babu komai sai yashi da gawar shanu.

Kwanakin nan motoci na ta kwararowa daga arewa cike da mutanen da fari ya koro, Buzaye da Fulani da dabbobinsu suka ƙare. Baba ya tafi shingen iyaka ya tsaya, duk motar da aka tsayar sai ya bi mutanen ciki da tambaya, ko kun ga koriyar mota mai dawisu? Kafin rana ta ɗaga ya dawo, ya tsuguna a tsakar gida gaban ɗakin Inna, ya ja layi. Ina leƙe ta labulen ƙofata.

Ya ajiye baƙin dutse. Wani Buzu ya gan su a wata rijiya, kilomita ɗari da ashirin gaba da Dakoro, don haka ba su gaza nan ba. Ya ɗauki farin yana juya shi a hannu.

"Tankin motar ga na san shi," ya ce. "In an cika shi nan Jibiya aka kai Dakoro, abin da ya rage bai kai su sama da kilo ɗari biyu. Kuma ba wanda ya saida masu mai bisa hanya, na tambaya." Bai ajiye dutsen ba tukuna. Ya ce wa Inna, ba tare da ya dubi ɗakina ba, "Tambayi ɗiyar nan, ko mijinta ya hwaɗa mata wani abu bisa ga mai."

Inna ta zo bakin ƙofata, idanunta jajur. Ta maimaita tambayar.

Na ce, "Bai ce mani komi ba, Inna."

Na ji ƙarar dutsen da ya ajiye a ƙasa, a kan ɗari biyu.

Na sha tambayar kaina me ya kama bakina. Na rantse wa mijina, wannan ɗaya. Na ji rantsuwar Baba da kunnena, na san ba ya faɗa ya janye, na ga kamar in na buɗe baki na raba ɗa da uba. Na ji tsoron a ƙwace motar a ɗaure mai ita. Sannan ta yaya zan dubi surukina in ce ni na ɗinka marufin? Duk waɗannan gaskiya ne. Amma babbar gaskiyar ita ce na ce a raina gobe za su shigo suna dariya, in zama na tona asiri a banza. Tsoron kunya ya fi mini tsoron mutuwa, don kunyar tana gabana, mutuwar tana nesa.

Wani aminin maigidana yana da jif mai shiga yashi. Ita kaɗai aka samu. Baba ya raka shi har bakin mota ya ce, "Ku duba tsakanin ɗari da ashirin da ɗari biyu. In kun kai ɗari biyu ku juyo. Kak ku ƙona mai a banza, ba ta iya wuce nan." Suka tafi.

Ban san yadda zan kwatanta wannan Talata da Larabar ba. Zafi ya yi zafi har kaji na buɗe baki a gindin randa. Duk lokacin da na ɗebo ruwa na kai moɗa bakina sai in ajiye ta, in tuna duron ruwa ɗaya tak suka ɗauka. 'Yar da ke cikina tana motsi, ni ina zagaye ɗaki. Sau uku na fito na nufi zaure inda Baba yake, sau uku na kai bakin ƙofa na juyo. A na ukun har na yi sallama, ya amsa, sai na ji bakina yana tambaya ko a kawo masa fura. Ya ce a'a.

Laraba da la'asar Baba ya dawo daga shingen iyaka yana jan ƙafa. Wata tsohuwar Buzuwa ta ce ta ga motar ran Litinin. Ta faɗi dawisun, ta faɗi wani saurayi mai yawan dariya da ya share geron da ya zube a bayan mota ya ƙulla wa jikokinta. Inna ta dafe ƙirji ta ce Autana ne. Rijiyar da tsohuwar ta ambata kuwa Baba ya san ta tun zamanin raƙuma, kilomita ɗari biyu da sittin ce gaba da Dakoro.

Ya tsuguna. Ya ɗauki baƙin dutse, ya ɗaga shi ya tsallake farin, ya ajiye a ɗaya gefen. Ya daɗe yana kallonsu.

"Na ƙasa ya haye na sama," ya ce. "Cikin abin da aka hwaɗa mani akwai ƙarya. Ko tsohuwar ga wata mota ta gani, ko man ya hi yadda na sani."

"To ka zaɓi guda mana!" in ji Inna.

"Ba ni canki-canki da ran ɗiyana."

"Ɗiyanka na can suna mutuwa kana wasa da tsakuwa!" Ta sa ƙafa ta watsar da duwatsun. Shekara talatin da aurensu ba ta taɓa ɗaga masa murya a gaban mutane ba. Ya bi su ya tsince, ya mayar da kowanne inda yake, baƙin a bayan farin.

Ina ji, ina gani, kuma ban fito ba. Na ce wa kaina ai jif ɗin ba ta nan, ko na faɗa babu motar da za ta je. Allah ya gani, wannan ma fakewa ce.

Alhamis da hantsi jif ta dawo babu kowa a bayanta. Na ji aminin maigidana a zaure yana cewa, "Baba, mun kai ɗari biyu jiya da azahar. Iska ta shahe sawu. Muka juyo kamar yadda ka ce." Inna ta yanke jiki ta faɗi, maƙwabta suka ɗauke ta zuwa ɗaki. Mutane suka bi ta, zaure ya rage Baba shi kaɗai.

Ban san lokacin da na fita ba, ko mayafi ban ɗauka ba. Na durƙusa a gabansa, kusa, yadda ban taɓa yi ba.

"Baba, ni na yi maka ƙarya. Akwai tanki na biyu. Ni na ɗinka abin da ya ruhe shi."

Na jira tsawa, na jira tsinuwa. Bai ko ɗago kai ba.

"Girmanshi?"

"Kamar na farko."

"Cike ya tahi da shi?"

"Cike."

Ya zaro duwatsun ya ja layi a ƙasan zauren. Baƙin ya ajiye a ɗari biyu da sittin, rijiyar tsohuwa. Ya ce akwai wata rijiya a ɗari uku da goma, mutanenta sun sauka a tasha jiya, ba su ga motar ba, kuma hanya ɗaya ce. Ya ajiye farin a nan. Duwatsun suka koma yadda ya kamata, tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi tafin hannu ba.

"Tashi, ɗiyata," ya ce. "Kin ba ni abin da nike nema. Je ki sa mayahinki."

Da kansa ya shiga jif ɗin. Ran Juma'a suka iske motar a wani kwari, ƙarfen ƙafar baya ya karye, tsakanin duwatsun nan biyu daidai. Maigidana yana kwance a ƙarƙashinta, ƙafarsa a karye tun wajen ƙoƙarin ɗaga motar, harshensa ya kumbura, ya shanye har ruwan lagireto. Da rai. Auta ba ya nan. Tun Talata da safe ya bar wa yayansa sauran ruwan, ya ɗauki 'yar gora ya ce zai koma rijiya ya nemo taimako. Baba ya hana kowa binsa, ya ɗauki wani Buzu ɗaya da suka samu a hanya suka bi sawu. Baba ne ya ga gawarsa, shi ya yi masa taimama, shi ya rufe shi a can.

Ran Lahadi suka dawo. Kowa a gidan ya riga ya yi lissafin da ba wanda ya furta. Jif ta juyo Laraba da azahar. Da ta ci gaba, da kafin magariba ta kai kwarin. In Auta ya cika ran Talata, ko Laraba da rana, shiruna bai kashe kowa ba. In ya kai daren Laraba ko Alhamis da rai, ni na kashe shi.

Inna ce ta yi tambayar, a tsakar gida, gaban dangi.

"Yaushe ya cika?"

"Bai gaza Talata ba," in ji Baba, "bai wuce Alhamis ba."

"Matsa su! Kai da kake matsa duwatsu bisa buhun gero har su kusa haɗuwa, bisa ɗana ne ba su matsuwa? Kai ka ga sawunshi, kai ka ga gorar!"

"Nan suka tsaya."

"To wa ya ce masu nema su juyo?"

"Ni. Ni na aza harin dutse inda bai dace ba."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ba ƙarya a ciki. Bai ce wa ya sa ya aza shi a nan ba. Inna ta ɗauka ban san komai ba, tunda ita ta tambaye ni na ce a'a. Ta ɗora masa mutuwar ɗanta, ta rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka ba ta sauke ba. Tana dafa masa tuwo, tana gaishe shi, amma ba ta sake tsokanarsa ba, ba ta kuma sake ɗinke masa aljihu ba. Ni na riƙa ɗauke rigunan daga igiya in ɗinke in mayar. Bai taɓa tambayar wa ya ɗinke ba.

Rantsuwar da ya yi a kan ɗansa kuwa, ya ciyar da miskinai goma ya warware ta. Shi ya yi jinyar ƙafar har ta ɗoru. Ni da maigidana muka zauna shekara talatin, ya san na sani, na san shi ya rantsar da ni, ba mu taɓa buɗe maganar ba har ya rasu.

Bayan wannan bazara Baba ya daina fito da duwatsun. Suna aljihu, amma in aka kawo tambaya sai ya ce a nemi wani. A tasha har an fara cewa tsohon ya rikice. Haka aka yi shekara biyu, sai gwamnati ta buɗe makaranta kyauta ga kowa, aka turo mana yara Daddara fiye da yadda aji zai ɗauka, babu mai takardar haihuwa. Dabararmu ita ce yaro ya ɗora hannu ta kan kansa ya taɓa kunne, in ya taɓa ya isa shiga. Gajeru na kuka, iyaye na zagina. Na dawo gida ina ba wata maƙwabciya labari, ashe Baba yana zaure yana ji. Da safe sai ga shi a kan kekensa a harabar makaranta. Ya tsuguna gindin bishiyar bedi ya ja layi. An haife shi kafin rijiyar unguwa ta rufta ko bayan nan? Ya fara tafiya kafin a yaye wance? Yaro bayan yaro, har azahar. Da zai tafi ya ce wa hedimasta, yana nuna ni da haɓa, "Malamar ga ɗiyata ce, a riƙe ta da kyau." Na shiga aji na rufe ƙofa na yi kuka a gaban allo.

Mako biyu kafin ya rasu na kai masa fura da rana. Ya rame sosai, idonsa ya yi hazo, amma hankalinsa garau. Kunyar surukai ta daɗe da tsufa tare da mu. Na zauna a bakin gadon.

"Baba, ina da tambaya."

"Na san ta. Shekara nawa kina ɗauke da ita?"

"Ba ta gaza arba'in ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na jira ya lafa.

"Kai ka gan shi, Baba. Ka ga inda ya zauna, ka ga inda ya hwaɗi. Mutumin da ke duban kashin raƙumi ya ce kwana nawa da wucewarshi, ba ya rasa sanin wannan. Ka san ranar."

"Bai gaza Talata ba, bai wuce Alhamis ba."

"Don girman Allah, Baba. Inna ta tahi, ɗanka ya tahi, saura ni da kai. Kak ka tahi ka bar ni haka." Na kama hannunsa, abin da ban taɓa yi ba. Ina roƙo kamar mai roƙon ruwa.

Ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya ce, "In na ce Talata, za ki ce tausayinki na ji, ba ki yarda. In na ce Alhamis, ba ki ƙara barci. Bar su inda na aje su, ɗiyata. Miƙo mani hurar."

Na miƙa masa. Ban sake samun damar tambaya ba.

Bayan addu'ar bakwai aka zo rabon 'yan kayansa. Wani ya ɗauki carbi, wani sanda, wani keken da ya yi tsatsa. Na ce a ba ni duwatsun, ba wanda ya yi musu. Da 'yata tana haɗa jakarta za ta koma na tsayar da ita a ƙofa.

"Na'urar nan taku, in mutum ya san wani sharaɗi ya ƙi ba ta fa?"

"Sai ta bar iyakokin a buɗe, Mama. Ba ta ƙirƙirar abin da ba a gaya mata ba."

Na ce ta gaida yara.

To ku da kuka zauna a tabarmar makoki, ku da kuka taɓa jin ana cewa sau ɗaya Mai Duwatsu ya yi kuskure har ɗansa ya mutu, ku ji daga bakina. Bai yi kuskure ba. Ƙarya aka ba shi ya auna, kuma ni na ba shi. Ya ɗauki laifin ya sa a aljihu tare da duwatsunsa, ya rasa dariyar matarsa a kai, ya yi shekara arba'in bai bar kowa ya leƙa ba. Allah ka yalwata masa kabarinsa fiye da duk iyakar da ya taɓa azawa, ka haɗa shi da Inna ka gaya mata gaskiya, ka shayar da Auta. Ni kuma ka dube ni da rahama, don kai kaɗai ka rage da ka san ranar.

Duwatsun suna kan tsohon keken ɗinkina, baƙin a hagu, farin a dama, tsakaninsu faɗin yatsa uku, Talata, Laraba, Alhamis. Kullum da safe in na zo shara sai in ɗaga su in goge ƙura, in tsaya da farin a hannuna. Ba mai ganina, ba abin da zai hana in matso da shi yatsa biyu in huta. Sai in mayar da shi inda Baba ya ajiye.